Rediyon da ya ƙi tashi da kansa

Shekarun baya, lokacin da zanga-zangar neman sauyin mulki ta yi zafi a Sokodé, ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a bakin zango. Aiki ya tsaya, don yau a buɗe kasuwa, gobe a wayi gari hayaƙin taya ya rufe titi. Ina zaune haka sai abokina ya kira ni daga garin Dapaong, can arewa. Shi ke kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyo, kuma ni na haɗa musu kwamfutar da ke sakin shirye-shirye idan babu kowa a ɗakin watsawa.

Ya ce kwanan nan duk sanda aka ɗauke wuta aka maido, kwamfutar tana kunnuwa amma manhajar ba ta tashi, sai an zo an buɗe an danna ta da hannu. Da ba haka take ba. Na saita ta ne cikin manhajojin da kwamfuta ke tayarwa da kanta, ko ba wanda ya zauna a gabanta. A zaman lafiya wannan ƙaramin abu ne. Amma a kwanakin nan ba kullum ma'aikata ke samun fitowa ba, kuma da rediyo ya yi shiru sai mutanen ƙauye su ɗauka an kama gidan. Ya ce ranar da abin ya fara, mata masu kawo kaya sun juya ba su shiga kasuwa ba, wasu iyaye kuma suka kwashe 'ya'yansu daga makaranta.

An yanke intanet, don haka ba halin in leƙa kwamfutar daga nesa. Muka koma waya. Na sa ya cire manhajar ya sake zubawa, na sa ya duba faifan da waƙoƙi ke ciki, na sa ya canza igiya. Ina ta ba da umarni da muryar gwani, alhali ni kaina ban san abin da nake nema ba.

Da na ga ba ci gaba na ce zan je da kaina, mahaifiyata ta ce kada in je, hanya ba lafiya. Na ce mata aiki ne na yini ɗaya. Na shiga motar wani direba ɗan Nijar mai komawa arewa. A kowane shinge, da soja ya ga katina na shaida ya karanta Sokodé sai ya ɗago ya ƙare mini kallo, sannan a zazzage jakata a tambaye ni amfanin kowace waya da kowane sukudireba. Wani falken shanu ɗan garin Gando da ke kusa da ni ya ba ni shawara in riƙa cewa gyaran fanka nake yi.

Da na isa, na kashe kwamfutar na kunna. Shiru. Abokina ya sa aka zo aka buɗe mini ita, na shiga wurin da take ajiye bayanin kurakuranta, na ga layi ɗaya yana ta maimaituwa: an hana manhajar shiga, kalmar sirri ba daidai ba. Na tambayi abokina ko an canza ta. Ya ce ƙwarai, shugaban gidan ne ya canza, shi kaɗai ya san sabuwar, shi ake ɗaukowa ya buɗe. Na ce me ya sa bai faɗa mini a waya ba? Ya ce ai ban tambaya ba.

Shugaban dattijo ne, tsohon malamin makaranta. Ya ji jita-jita cewa a wani gari an kutsa gidan rediyo an karanta sanarwar da ta jefa ma'aikata cikin wahala, shi ya sa ya kulle. Na yi masa bayani cewa manhajar tana ƙoƙarin shiga ne da tsohuwar kalmar, sai an ba ta sabuwar. Ya daɗe yana kallona.

"Malam, kada ka ji haushi," in ji shi. "Daga Sokodé ka fito. Ban san da wa ka gana ba kafin ka taso."

Na ce, "Baba, ba sai na sani ba. Ga gurbin nan, ku rubuta da hannunku. Ni zan fita."

Na tsaya a tsakar gida kamar ɗalibin da aka kora daga aji. Da ya gama ya kira ni, abokina ya zare wutar gaba ɗaya ya mayar, muka janye hannu muka jira. Can sai muka ji kiɗa ya tashi daga akwatin rediyon mai shayin da ke bakin ƙofa. Dattijon ya rako ni har tasha, ya tsaya har motar ta tashi.

A hanya na ɗan ji zafin maganarsa, amma kafin mu kai garin Kara ya wuce. Mutumin yana tsaron ma'aikatansa ne da abin da ya iya. Tun daga lokacin, idan aka ce mini na'ura ta lalace haka kawai, kafin in taɓa ta nakan tambaya me ya faru a gidan cikin makon. Sau da yawa amsar ba ta cikin kwamfutar.