Sunan da Babu Mai Kira a Gidanmu

Da matar ƙanena ta haihu a Bagudo, sunan farko bai zama abin shawara ba. Mace ce, sunan mahaifiyarmu za ta ci, Allah Ya jiƙanta. Sai dai babu mai iya buɗe baki ya kira sunan Inna gatsal a tsakar gidan da ta bari. Dole a haɗa wa jaririyar na biyu, wanda za a riƙa kiranta da shi, a kuma rubuta a takardar haihuwa. Wannan na biyun na sa wa rai, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Ina da hujjata. Ƙanena yana shekara shida Inna ta rasu, ni na ƙarasa rainonsa, har gidan aurena a Zagga na tafi da shi. Tun da ta rasu kuma, sunana ya bi ta. Maigidana “ke” yake ce mini, ɗalibaina Malama, ƙanena Yaya. So nake in sake jin an ƙwala shi a gidanmu, ko da wata ake nufi.

Kwana biyu da haihuwa sai ga aminiyar maijego daga tsallaken iyaka, can bayan Illo, da kwandon bandar kifi da turmin atamfa ɗaure a bayan babur. Tare suka tashi tun suna yara. Mace ce mai fara’a, ga hannun kyauta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don na nemi aibinta na rasa. Sai ta juya harshe zuwa Dendanci su yi ta ƙyaƙyata dariya da maijego, ni ina gefe ina dama kunun kanwa kamar wadda aka ɗauko aiki. Ta dafa ruwan wanka, na ce bai yi zafi ba. Ta yi farfesun kifi, kowa ya suɗe kwano, ni na ce gishiri ya yi yawa, bayan na yi ƙari sau biyu. Kishi ne tsagwaronsa, na sani tun a lokacin.

Na yi ta jefa wa ƙanena magana a kaikaice. Na ce sunan Inna gajere ne, dogo yake so a bayansa. Nawa dogo ne. Ya ce to. Na ce a ajina yaran da suka ci sunan ’yan’uwa na jini sun fi natsuwa. Ya yi dariya ya fita neman rago.

Da safiyar suna maza suka taru a ƙofar gida, mu mata muna ciki mun kasa kunne. Aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya. Ya faɗi sunan Inna, idona ya kawo ruwa. Ya faɗi na biyu, na aminiyar ne. Guɗa ta tashi, ita ta rungume maijego tana kuka, ni kuwa na yi ta murmushi har kumatuna suka yi tsami.

Ban iya haƙuri har taro ya watse ba. Na same shi a bayan gida yana duba naman da ake soyawa, na ja shi gefe.

“Wato baƙuwa ta hi ni,” na ce. “Kwando guda na kihi ya hi shekarun da niy yi ina wanke maka jiki.”

Ya sunkuyar da kai, yadda ya saba in ina faɗa. Can ya ce, “Yaya, tun da nit tashi, kin taɓa jin sunanki a bakina?”

Ban taɓa ji ba.

“To na Inna ba ni iya hwaɗi, naki ba ni iya hwaɗi. Gidanga kusa da gulbi shike. Ran da ɗiyar ga tan nuhi ruwa da gudu, da wane suna za ni kiranta?”

Na ce masa naman na ƙonewa, na koma ciki. Na yarda gaskiya gare shi, amma kishin bai sake ni ba. Shekara huɗu ban taɓa kiran yarinyar da sunan matar nan ba. Innata nake ce mata, uban kuwa yana ƙwala ɗayan safe da yamma ba ko nauyin baki, duk kira sai na ji shi a ƙirjina.

Hutun da ya wuce na je gidan. Ina zaune ina yi mata kitso, ta ɗago kai ta ce, “Gwaggo, ke ba ki da suna?”

Na dubi uban, yana alwala a gindin rijiya. Na duƙa na raɗa mata a kunne. Ta fizge kai, kitson rabi a tsefe, ta zagaya tsakar gida da gudu tana ƙwala shi iya ƙarfinta. Ƙanena ya ajiye buta ya juya wa gidan baya. Uwar ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana cewa, “Ke! Ba a hwaɗi nai!”

“Ƙyale ta,” na ce. “Bari ta ƙara.”