Maɓallai Biyu Masu Jan Fenti

Shin na danna daidai kuwa? Har yau tambayar ba ta bar ni na zauna wuri ɗaya ba.

Maigidana mai gyaran famfunan ban-ruwa ne a Bakolori. Da ya tsufa sai ya koma zana hanyoyin wutar injin a kwamfuta. Hannunsa na dama yana jan linzamin kwamfutar, na hagu ya shanye, ni nake danna masa maɓallai. Ban iya karatu ba, sai ya ɗiga fenti a kan biyun da ke adana aiki.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi na danna su, sai wuta ta ɗauke. Ban yarda kowa ya sake kunna kwamfutar ba, kada a tarar aikinsa ya ɓace.

Ran nan ana ɗaukarsa zuwa mota ya ce mini, "Hajiya, tare ake danna su."