Malamin da Ya San Abin da Ke Hannuna

Har yau idan na ji ƙwallon dabino ya faɗa cikin kwano, sai wani malaminmu ya faɗo mini a rai. Bari in gaya maka dalili.

Ina aji uku a firamaren ƙauyenmu, can wajen Ruwan Bago, aka kawo mana sabon malamin lissafi daga Karaye. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, ba ya riƙe bulala. Da ya ga abin da yake rubutawa a allo ba ya shiga kanmu, sai ya fitar da mu gindin tsamiya, ya haƙa gurabun dara a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida, ya ba kowa ƙwallayen dabino goma sha biyu. A nan na fara gane cewa biyar sau shida talatin ne.

Wata rana ya ce in ɓoye wasu a hannuna, in zube sauran. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Biyar kike riƙe da su." Na buɗe hannu, biyar ne. Da murnata na ruga gida na gaya wa Baba. Bai yi dariya ba. Ya ajiye fartanyar da yake gyarawa, ya ce, "A ƙasa ya duba?"

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Hadari yakan haɗu ya yi baƙi ƙirin, ya watse babu ko ɗigo. Sai sanƙarau ya shigo gari. Ya ɗauki yarinyar da muke zama benci ɗaya, kafin a yi sadakar uku ya ɗauki ƙaninta. Magana ta fara yawo a bakin rijiya, wai malamin boko yana bugun ƙasa da 'ya'yan mutane. In ya yi sallama a majalisa, sai a amsa ciki-ciki.

Kakana, wanda ya tsufa yana dara, ya kira ni zaure.

"Ke 'yar nan, ƙwallaye nawa malamin ya ba ki ran nan?"

"Goma sha biyu, Kaka."

"Nawa kika zubar?"

"Bakwai."

Ya ce, "Ai wannan ko ni na sani." Ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan mai gari, amma ya makara. Tun da hantsi samari sun tattake gurabun, sun yi cirko-cirko a ƙofar aji. Malam ya ɗaure tabarmarsa a bayan keke. Da ya zo wuce ni, ya ce, "Ki riƙa ƙirgawa da kanki." Na kau da kai, tsoro nake kada a gan ni.

Yanzu yaran gidanmu waya suke yi wa tambayar lissafi, ta ba su amsa nan take, kuma babu dattijon da ya taɓa tambayar inda ta duba. Ni kuwa na sha yin cigiyar malamin a Karaye, ba wanda ya san inda ya koma. Ya tafi bai san daga bakina maganar ta fito ba.