Kaset Ɗin Inna Da Na Shafe

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatun wannan mujalla. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai kamar ni ba ni da nawa, alhali nawa yana nan ƙunshe a cikina shekara da shekaru. Lokacin da labarin ya faro ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, malamin gona a Birnin Kebbi, tun muna cikin jihar Sakkwato. Asalina mutumin Argungu ne, kuma ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Mahaifina manomin shinkafa ne a fadama, in ruwa ya janye ya taɓa kamun kifi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sana'arta gumi, ta turara shinkafa ta shanya, ta surfe ta ba da a kai kasuwa. Ina da ƙwaƙwalwa a makaranta, wannan ba yabon kai ba ne, amma ina da saurin fushi da ganin na fi kowa sani, kuma wannan halin ne ya kai ni ga abin da zan faɗa.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ne “wancan”, in ta so ni da arziki ta ce “yaron ga”. Idan na zo daga Birnin Kebbi na durƙusa gaishe ta, sai ta juya ta kama gyaran murhu, ta amsa wa bango. Amma kan kifi mafi girma a kwanona yake sauka, kuma ban taɓa komawa wajen aiki ba tare da ta aiko ƙanwata da ƙunshin gumi da busasshen kifi ta ce a sa a jakar wancan ba. A lokacin abin bai taɓa damuna ba, don haka na ga uwar kowa tana yi.

A Birnin Kebbi ina haya a unguwar wasu malamai. Maƙwabcinmu malami ne mai karantarwa a zaure, yana da 'ya da ke kwalejin horon malamai mata. Mun fi shekara muna gaisawa in ta zo hutu, na taɓa gyara mata fitilar ƙwai, ta taɓa yi mini dariya don na faɗi da babur a yashin ƙofar gidansu, iyakar tarihinmu ke nan. Ina ta shirin buɗe baki ban buɗe ba har gwamnati ta sa sunana cikin waɗanda za a tura wata ƙasa a gabashin Turai koyon noman rani, shekara huɗu, babu zuwa gida sai an gama. Ranar da zan tafi na tsaya a ƙofar gidansu na yi ta kame-kame, har ta gaji ta ce in ina da magana in rubuto, tunda da alama bakina ya riga ni shiga jirgi.

Zaman can ba wahalar yunwa ba ce, wahalar kewa ce. Mu biyu a ɗaki, ni da wani ɗan Yawuri. Mukan tuƙa tuwo da garin alkama, mu kaɗa kukar da aka aiko mana a gwangwanin madara, ranar da muka sa daddawa kuwa sai maƙwabta sun ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar abin da ya mutu. Komai sai an bi layi, burodi layi, sabulu layi, wani lokaci ka shiga layin kafin ka tambayi me ake sayarwa. Da yake su Inna ba su yi boko ba, kaset ne wasiƙarmu. In wani ɗalibi daga makarantun da ake ba su hutu zai je gida sai kowa ya yi magana a rikoda ya ba shi, in zai dawo ya taho da amsa. Samun sabon kaset a kantunan garin kuwa sai mai rabo, shi ya sa muke ɗora magana a kan tsofaffi. A ginin namu akwai wata dattijuwa mai kula da ɗakuna. Duk Lahadi ɗanta yakan zo, ƙaton mutum mai gashin baki, tun daga saman bene take ƙwala masa kira da sunansa, ta rungume shi, ta ja masa kunne don bai sa hular sanyi ba. Da farko dariya suke ba ni. A hankali na fara tsayawa ina kallonsu, na fara tambayar kaina me ya sa ni tawa uwar ko sunana ba za ta iya faɗa ba. Ban lura da ranar da wannan tambaya ta zama ƙulli a zuciyata ba.

A shekara ta uku, bayan wasiƙu sun yi ta kai da komo tsakanina da yarinyar, na aika wa baffana cewa a je a nema mini aurenta. Manya suka ɗauki goro daga Argungu suka je Birnin Kebbi, malam ya karɓe su hannu biyu, aka yi baiko ina can ina fama da ƙanƙara. Wata biyu bayan haka kaset ya iso. Gefen farko duk murna ce. Baffa ya ba da labari dalla-dalla har da motar da ta mace musu a hanya, mahaifina ya yi addu'a, gwaggo ta rangaɗa guɗar da ta sa ɗan Yawuri ya toshe kunne. Na juya gefe na biyu cikin ɗoki, don na san nan ne Inna take zuwa. Ta zo kuwa, kamar kullum da ƙanwata take magana. Ta ce a faɗa wa wancan ta ji abin da aka yi, amma da ya haƙura ya dawo tukuna, don bai kyautu mutum yana bayan duniya ya riƙa tura tsofaffi a mota ba. Ta ce 'yar malamai ce 'yar boko, Allah ya sa ta iya zama da masu ƙarnin kifi. Ta ce ita ba ta da abin cewa. Daga nan sai shiru, sai kukan kaji da ƙarar taɓarya daga maƙwabta. Na jira kamar minti biyu, ba komai. Na danna na kashe, raina ya yi baƙi ƙirin.

A ranar ne kuma wani ɗalibi zai kama jirgin ƙasa da la'asar zuwa filin jirgi, ga shi ban yi wa wadda aka yi mana baiko ko kalma ɗaya ba tun da aka tsayar da magana. Na duba ba ni da wani kaset. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce, ɗan Yawuri ya miƙo mini nasa na waƙa ya ce in shafe, na ƙi. Na ce ga wanda ba shi da amfani nan. Na mayar da kaset ɗin gida farko, na danna jan maɓalli, na cika gefen farko da daɗin baki, na juya na ci gaba a kan muryar Inna ina jin kamar na rama wani abu. Ina cikin zuba mai tafiyar ya buga ƙofa ya ce mota tana jira, na katse na zare kaset ɗin na ba shi, saura ɗan zare kaɗan bai ƙare ba.

Saƙo biyu suka zo daga gida bayan wannan. A kowanne Inna takan ce wa ƙanwata ta tambayi wancan ko ya ji saƙo. Ni kuma in amsa a daƙile cewa a faɗa mata na ji. Na gaishe da kowa da sunansa har da maƙwabta, ita kuwa gaisuwar da nake yi mata ba ta fi ta baƙo ba. A raina wai ina koya mata yadda abin yake da ciwo. Saura wata takwas in gama, cikin damina, wasiƙar baffa ta zo cewa Inna ta kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Na yi kuka, amma ko a kukan akwai sauran ƙullin nan, ina cewa ta tafi ba ta sa wa aurena albarka ba.

Da na dawo Argungu, bayan an watse daga gaisuwa, ƙanwata ta same ni a ɗakin Inna ina kallon tukunyar gumin da aka kife. Ta tambaye ni ko kaset ɗin nan yana nan, tana so ta ji. Na ce wane. Ta ce na baiko, wanda Inna ta yi mini magana ita kaɗai. Ta ce a ranar, bayan Inna ta gama faɗan da ta yi a gaban mutane, sai ta ce kowa ya ba ta wuri, ta aike ta kasuwa sayen abin da akwai shi a gida, ta ce kada ta kashe abin nan. Ƙanwata ta ce ta yi kusan sulusin awa a kasuwar, da ta dawo ta tarar da Inna zaune gaban rikoda idanunta jajir, kuma daga bakin ƙofa ta ji da kunnenta Inna ta kira sunana na yanka. Inna ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta faɗa wa kowa. Ta ce tun daga ranar, duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai Inna ta tambaya ko ɗan saƙo ne. Edita, ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na ce wa ƙanwata kaset ɗin yana cikin kayan da ba su iso ba, na gangara bakin gulbi na zauna har aka kira la'asar. Shirun nan da na ji na kashe, ashe Inna ce take tattara ƙarfin halin da za ta kira ni.

Aka ɗaura aure bayan wata huɗu, muka tare a Birnin Kebbi. Ina ta ɗauke da abin ni kaɗai, har wata ranar Juma'a da hantsi amarya tana jera kayanta ta fito da kaset daga ƙasan akwati, an naɗe shi a ɗankwali. Ta ce cikin duk abin da na taɓa aiko mata babu kamar wannan, ba don surutuna ba, don surutuna ko rabi ba ta riƙe ba, sai don abin da na bar mata a ƙarshe. Ta sa a rikoda ta tura shi gaba. Na ji muryata ina cewa mota tana jira, na ji ƙarar maɓalli, sai ga Inna. Ta kira sunana, ta sake kira, a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe a bakinta. Ta ce: “Ka ji ko? Ɗiyam mutane ta, in ka amre ta ka riƙe ta amana. Ni na yarda da ita. Na yahe maka duniya da lahira. Ka riƙa cin abinci, an ce ka rame.” Sai takun tafiya, sai ta canja murya ta ce wa ƙanwata: “Ke, taho ki kashe wanga abu, ni ban san inda a ka kashe shi ba.” Zaren ya ƙare.

Matata ta ga yadda na zube, ta ɗauka kewa ce kawai. Ta ci gaba da ba ni labari cewa da ta ji Inna ba lafiya, ta roƙi gwaggonta suka shiga mota zuwa Argungu dubiya, duk da kunyar da ke ciki. Ta ce da ɗakin ya rage su kaɗai ta durƙusa ta faɗa wa Inna cewa na aiko mata da muryarta, ta ji albarkar da ta sa. Ta ce Inna ta ja zane ta rufe fuska ta ce wancan ba shi da kunya, abin da aka faɗa masa a asirce ne ya kai wa mutane, amma kafaɗunta suna rawa don dariya, kuma ta riƙe hannunta ba ta saki ba har suka tashi tafiya. A nan na faɗa wa matata gaskiya duka. Sai ta tashi ta mayar da kaset ɗin baya ta sake sa mini.

Yau na yi furfura, na aurar da 'ya'ya. Na gode wa Allah da Inna ta tafi tana zaton na saurare ta har ƙarshe, amma zato ne da ban cancanta ba, kuma yarinyar da Inna ta yi shakkar ko za ta iya zama da mu ita ce ta kai mata wannan sanyin. Kuskurena shi ne na je ƙasar wasu na ga yadda uwa take nuna ƙauna a can, na dawo da ido na auna tawa da shi, na manta da kan kifi da ƙunshin gumi. Ina roƙon 'ya'yanmu da ke waje, yanzu da saƙon murya yake zuwa a waya ba sai an jira ɗan saƙo ba, idan tsohuwa ta fara da faɗa kada ku kashe, idan ta yi shiru ku jira ta. Iyayenmu sukan ajiye maganar gaske sai mutane sun watse. Ni minti ɗaya da 'yan kai ya rage mini, na haddace shi har da kukan kazar da ke ciki. Sauran abin da Inna ta zauna ta faɗa wa ɗanta na fari, sau ɗaya tak a rayuwarta, babu mai rai da ya ji shi, kuma da yatsana na shafe.