Gadar da Na Shayar

Shekarun baya, da na gama jami'a, aka turo ni bautar ƙasa a wani kamfani da ke gina gadar sama a wajen Idu. Na je da takardar injiniya da sabuwar hular kwano, a zatona zane za a ba ni. Tiyo aka miƙo mini.

Kafin zuwana an riga an haƙa ramuka masu zurfi, an zura rodi, an cika su da kankare, ginshiƙai sun tashi a kai. Dogayen sassan da ke haɗa ginshiƙi da ginshiƙi kuwa a ƙasa aka zuba su, inji ya ɗaga ya ɗora. Saura daɓen sama, inda motoci za su bi. Duk inda aka zuba sabon kankare sai a lulluɓe shi da buhunan algarara, a yi ta jiƙawa na kwanaki, don in ya bushe da wuri tsagewa yake yi. Jiƙon nan shi ne aikina.

Ogana, wani mutumin Filato mai son raha, wanda ke kirana kofa kamar yadda ake kiran masu bautar ƙasa, ya ce, "Kofa, wannan kankare jariri ne. In ta sha ruwa, ta yi ƙarfi. In ka bar shi da ƙishi, ni da kai za a gani a labarai."

Wata Lahadi, tsakiyar bazara, tankar ruwanmu ta lalace a hanya. Oga yana coci, wayarsa a kashe. Na taɓa buhunan na ji sun fara bushewa. Na gangara bakin titi a guje na tare 'yan ga-ruwa.

"Har can sama?" in ji babbansu. "Yallaɓai, ruwan nan fa na mutane ne."

"Ita ma sha za ta yi."

"Gadar?" Ya waiwayi 'yan'uwansa. "Ku zo ku ga abin da boko ya yi wa bawan Allah."

Suna dariya suna tura kura, muka yi ta jiƙawa har tankar ta iso da la'asar. Washegari oga ya ɗaga buhunan, ya duba, ya ce babu komai. Na yarda da shi, amma ba duka ba. Watanni na yi ina leƙen wurin, ko zare na gani a kwance sai gabana ya faɗi.

Ranar gwaji, aka jera tifofi cike da tsakuwa a kan gadar, aka sa ni karanta ma'auni daga ƙarƙashi, daidai ɓangaren nan nawa. Tifofin na hawa, allurar ma'aunin ta fara motsi. Na ce, "Oga, kamar dai tana lotsawa."

"Kowace gada yana lotsawa kaɗan. Magana ita ce, zai dawo?"

Babu addu'ar da ban karanta ba. Tifofin suka sauka ɗaya bayan ɗaya, allurar ta koma inda ta taso. Ni kuwa na zauna a ƙasa daɓas.

"Tashi, kofa," in ji oga. "An yaye jaririnka."

Bayan an buɗe gadar, na ɗauko mahaifiyata daga Bwari a tasi. Muna hawa ta taɓa kafaɗar direba. "Malam, tafi a hankali, ɗana ne ya gina ta."

Na ce, "Umma, ba za a ce ni na gina ba. Ruwa kawai na ba ta."

"To ni me na ba ka in ba nono da ruwa ba? Ga ka nan a tsaye."

Har yau ban rabu da fargaba ba, wataƙila haka aka halicce ni. Amma duk sanda na bi ta kan gadar nan, na ji tirela ta wuce ta ɗan girgiza mu, nakan tuna allurar nan, in saki numfashi. Lotsawa ba faɗuwa ba ce, muddin ana dawowa.