Ƙwaƙwalwar Famfon Ƙauyenmu

Famfon burtsatsen ƙauyenmu, can bayan Yargoje, da hasken rana yake aiki. Shekarar da daji ya fi ɓaci ya tsaya cak, aka aiko mini Kankara, inda nake gyaran inbata da sauran kayan wutar sola. Ban yi nawa ba, domin in babu famfo sai rafi, rafin kuwa yana bakin dajin da 'yan bindiga suka mamaye, kuma ƙanwata na cikin masu ɗebo ruwa.

Da na isa na buɗe akwatin da ke sarrafa famfon, ba abin da ya ƙone. Ƙwaƙwalwar ce ta rikice, wata 'yar baƙar aba kamar ƙwayar wake, mai ba injin umarni. Ba a cire ta. A kan allonta ake jona mata wayoyi daga kwamfuta, a goge abin da ke ciki, a zuba sabo. Sharaɗin ɗaya ne: kada wuta ta yanke ana cikin zubawa.

Tun hantsi kwamfuta ke cewa ba ta ga ƙwaƙwalwar ba. Na sauya waya, na rage mata tsawo, na kankare tsatsa, na zagi maƙerin allon har kakansa. Ashe wani gwani ne kafin ni ya liƙa ƙaton kafasito, ɗan abin nan mai tara wuta, a ƙafar ƙwaƙwalwar da ke tayar da ita, wai babba ya fi ƙarfi. Ina cire shi ta amsa. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, don haka da ita da allon duk daga faifan sola suke shan wuta.

Bayan la'asar na fara zubawa. Aiki ya kai rabi, komai ya ɗauke.

Na fito a fusace, na tarar da Baba mai unguwa da mutanensa sun sauke faifan, sun ciccibe shi.

"Baba, wa ya ce a taɓa?"

"Kullum haka muke yi, ɗana. In rana ta yi sanyi sai mu shige da shi gida, kada mutanen daji su ɗauke. Mi ya hwaru?"

Na rasa wanda zan yi wa faɗa. Aka mayar da faifan, na sake jonawa, shiru. Ƙwaƙwalwar ta kulle kanta. Sabuwa sai Kano, hanya kuwa ba ta biyuwa.

Da safe ƙanwata ta ɗauki jarka, ta kwance goyonta ta miƙo mini.

"Yaya, riƙe mani shi. Ba ni tahiya da shi can."