Alhaji Mai Akurki Ya Tafi Sayar da Fadama

Talata: Sabon Birni zuwa Isa

Na fito da ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, takardar fadamarmu tana cikin aljihun taguwa. A tsakar gida na yi karo da tsohuwar motata, kaji sunka watse daga cikinta suna zagina. Shekara goma sha tara tana nan bisa duwatsu. Ita ta ja mani sunan Alhaji Mai Akurki.

Ga abin da ya fitar da ni. Autata Saratu ta gama digiri, tana koyarwa a Sakkwato, ta nemi karatun gaba kan hulɗar ƙasa da ƙasa, wato aikin jakadu. Makaranta biyu sunka ɗauke ta. Ɗaya a Ingila, mai sunan da ko ni da na tsaya aji shida na sha ji a rediyo. Sun yafe mata rabin kuɗi, amma rabin da ya rage ba abin da zai biya shi sai fadamar gadonmu ta Kamarawa. Ɗayar tana nan Arewa, kyauta, har da ɗan kuɗin abinci da wata shida a Yamai don koyon Faransanci. Yamai! Garin da ni ma na sha kai masara ba da digirin kowa ba. Na riga na zaɓa mata Ingila. Na ma riga na faɗa wa majalisarmu ta hira, har sun fara ce mani Baban Jakadiya, ina ta gyara hula.

A tasha, motar haya ta cika tun shida da rabi, amma direba bai tayar ba sai takwas da minti goma, bayan motar farko ta iso daga Isa da labarin hanya lafiya take. Kuɗin mota dubu huɗu, mu bakwai a mazaunin biyar. Tafiyar ba ta kai kilomita hamsin ba, shinge huɗu munka wuce.

Direba ya dube ni ta madubi. "Baba Alhaji, an ce ɗiyarka za ta Ingila?"

"Da yardar Allah."

"To in ta zama jakadiya, ta hwara sasanta muna hanyar ga tukuna."

Duk mota anka yi dariya. Ni kaɗai na ɗauka yabo ne.

Isa zuwa Kamarawa

Ƙarfe goma da kwata munka sauka. Na ci masar ɗari biyar, na wuce rumfar Alhaji Garba mai hatsi, wanda ya taya fadamar. Ya ce kuɗinsa a shirye suke, sai dai in kawo dangwalen yatsan ƙanwata Ige a takarda, tun da gadon namu ne mu biyu.

Wanda ya zo ɗaukata a babur babban ɗana ne, Nasiru. Shi ke noman fadamar, in ya samu sarari ya yi kabu-kabu. A nan dole in faɗi laifina. Shekarar da Nasiru ya samu shiga kwalejin aikin gona, ita ce shekarar da na sayar da gonar tudu da shanun huɗa na sayi doguwar baƙar mota, don a san na yi kuɗi. Na ce masa ya bari sai baɗi. Damina biyu motar ta yi, rairayi da ƙetaren gulbi sunka kashe ta. Baɗin Nasiru bai zo ba har yau, ga shi da 'ya'ya biyar. Kuma ban gaya masa abin da ya kawo ni ba.

Bai bi hanyar gida ba, sai ya ratse bakin gulbi ya kashe babur. Albasa ta yi kore shar, injin ban ruwa yana ta tari.

"Alhaji Garba ya aiko an auna ta jiya," in ji shi, bai dube ni ba. "Ku sayar, Baba. Kabu-kabu na ciyar da mutum. Kada Saratu ta ji baɗi kamar yadda na ji."

Na ce ƙwaro ne ya faɗa mani a ido. Ya tayar da babur.

Ige na tsintar wake munka isa. Ta bari na gama bayani tas, har da yadda ake saukar jakadu da jan kafet, sannan ta ce, "Yaya, wanga karon wace kala ce motar?"

"Wace mota? Ilimi nike maki magana!"

"Ka tambayi yarinyar?"

"Wa ke tambayar mutum ko yana son Ingila?"

"To ga yatsana, ba ya gudu. Ran da Saratu ta roƙe ni da bakinta, za ni dangwala. Kai kam na taɓa dangwala maka, kaji sunka ci riba."

Na ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ina huci, na kwana a ɗakin baƙi.

Laraba: Isa zuwa Sakkwato

Da sassafe na koma Isa, motarmu ta tashi ƙarfe bakwai da minti arba'in, kuɗin mota dubu takwas. Shinge bakwai na ƙirga kafin Marnona, daga nan barci ya ɗauke ni. A Acida munka tsaya shan fura. Sha biyu da rabi muna Sakkwato, ɗan keke ya kai ni makarantar da Saratu ke koyarwa a kan ɗari bakwai, bayan na yi masa wa'azin tsoron Allah.

Ta shimfiɗa mani tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Na fiddo takardar fadama na ajiye gabanta, ina jiran guɗa.

"Baba, ina son Ingila," ta ce. "Sati biyu takardarsu na ƙarƙashin matashina. Sau uku na rubuta masu su ƙara rage mani, sau uku sunka ba ni haƙuri mai kyan turanci."

"To ga maganin haƙurin."

"Tsaya mana. Ba kai ka koya mani in za a sayi sa, kada a dubi ƙaho, a buɗe baki a ga haƙora ba?"

"Ni na hwaɗi haka?"

"Kai."

Ashe ina da hankali, sai dai ban taɓa halartar wurin da nike raba shi ba.

Ta ce ta nemi waɗanda sunka gama makarantun biyu ta waya. Sunan ta Ingila yana buɗe ƙofa, ba ƙarya: cikin ukun da ta samu, ɗaya na babban aiki a waje. Amma biyu sun dawo suna yawon neman aiki, gidajensu ba su murmure ba. Ta gida kuwa ba ta da wannan kwarjini, ɗakin karatunta bai kai ba, kuma yajin aiki na iya maida shekara ɗaya biyu. Sai dai aikin da take so a kan iyakar nan tamu yake: kasuwanni, rufe boda, mutanenmu da sunka gudu Nijar. Wannan aiki kuwa Faransanci yake so, da kunnen da ke jin Gobiranci.

"Ban ce daidai suke ba, Baba. Akwai abin da za ni rasa, na sani." Ta share ido da bakin mayafi. "Jiya Yaya Nasiru ya kira ni, ya ce in karɓi Ingila, kada in damu da shi. Shi ya sa ba za ni ba."

Na buɗe baki in yi magana irin ta manya. Abin da ya fito shi ne, "To mi za ni ce ma majalisa?"

Sai da na ji shi da kunnena na gane wa nike shirin turawa Ingila: sunana ne, ba Saratu ba. Saratu ta yi dariya har da hawaye, ni ma na taya ta, don ba ni da wata mafita. Na kwana a gidan wani tsohon abokin fataucina.

Alhamis da Juma'a: komawa

Ƙarfe ɗaya na rana na iso Isa. Na ba Alhaji Garba haƙuri, ya ce dama ya san Ige. Na hau babur ɗin wani zuwa Kamarawa, na miƙa wa Ige takardar na ce ta ɓoye inda ban sani ba. Ta ce, "Ka makara, da can ya kamata."

Na tarar da Nasiru cikin fadama yana jan ruwa. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa ɗa ba, na ce ya yafe mani baɗin nan da na ci masa, da wanda na so in ƙara.

"Na yahe, Baba," ya ce. "Amma ku tashi, kuna taka mani albasa."

Na iso Sabon Birni ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya, na samu salla. Da la'asar na kira masu sayen tsohon ƙarfe sunka kwance motar, sunka auna ta a sikeli. Kuɗin bai kai na kwamfutar da Saratu ke buƙata ba, Nasiru ya cika da buhun albasa biyu. Majalisa ta yi kwana uku tana ci da ni, sun ce yanzu ko akurkin ba ni da shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya maido ni lafiya, ya kuma bar mani ƙanwa mai rowar yatsa. Kajin dai har yau ba su yafe ba.